Ɗan Hakin Da Ka Raina: Sakatar Ƙofar Bayan Akori-Kura

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya da sassafe, tsakanin watan Janairu da na Maris, ya san irin jerin gwanon motocin akori-kura da kan fito daga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ɗauke da kwandunan tumatir da buhunan albasa da na tattasai. Wasu sukan sauke a kasuwar Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke jiran lodi zuwa Kudu, wasu kuwa su zarce ta ƙasar Kumbotso zuwa 'Yan Kaba da sauran kasuwannin birnin Kano. In mai karatu ya bi bayan waɗannan motoci ya lura da kyau, zai ga wani abu da galibinsu suka yi tarayya a kansa, watau ƙofar baya a ɗaure take da igiyar roba ko waya ko tsumma. Sakatar da maƙeran motar suka sanya mata ta daina aiki tuntuni, ba kuma wanda ya damu ya binciki abin da ya same ta.

Ni ma ban taɓa damuwa ba, sai ranar da abin ya auku a kan idona. A ranin da ya wuce na je ganin gida a wani ƙauye kusa da Kura, da zan komo sai na shiga motar wani ƙanena mai sana'ar dakon kayan gwari. Ya yi lodin tumatir hawa biyu, yaron motarsa na zaune can baya ya jingina da ƙofa. Mun haye gadar Tamburawa ke nan muna dosar Na'ibawa, sai motar ta faɗa wani rami, muka ji wata ƙara daga baya. Ashe igiyar da aka ɗaure ƙofar da ita ce ta tsinke, ƙofar ta faɗi, kwando shida suka bi ta suka tarwatse a kan kwalta. Shi yaron Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya cafki ƙarfen rumfa ya maƙale, alhali ga wata babbar mota a bayanmu wadda direbanta ya sha birki da ƙyar.

Tumatirin nan na waɗansu manoma biyu ne da suka shafe wajen wata uku suna ban ruwa da cire ciyawa, don haka biyansu ya hau kan ƙanena. Da muka tattara abin da ya tattaru, muka lallaba zuwa rumfar wani dattijon bakanike a gefen hanya. Ƙanena ya ce masa, "Baba, a ɗan ɗana mata walda kawai mu wuce, rana tana yi." Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, in na liƙe ta da walda, ta ina za ka sauke kayan? Bari mu ga abin da ke damunta tukuna." Ya kwance marfin ciki, ya wanke, ya mayar da wata sandar ƙarfe da ta fita daga mazauninta, ya gyara zaman turke, ya ɗiga mai. Kafin sa'a guda ƙofar ta koma rufuwa da hannu ɗaya. Abin da aka biya shi bai kai kuɗin kwando guda ba, kuma wata bakwai ke nan ƙanena yana yawo da wannan igiya.

DAGA TIGA ZUWA KASUWA

Domin a gane dalilin da ya sa wannan ɗan ƙarfe ya cancanci a yi masa dogon bayani, ya kamata mu waiwayi yadda akori-kura ta zama jigon noman rani a wannan yanki. A cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. A cikin 1976 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ke kula da shirin noman rani na Kogin Kano. An tsara kashin farko na shirin domin ya shayar da hekta 22,000, ruwan kuma gangarowa yake yi da kansa daga Tiga, ta manyan magudanai da ƙanana, har bakin gona. Ƙasar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma ba da alkama da tumatir da albasa da rani, shinkafa da masara kuma da damina.

To, ruwa ya sami hanyar zuwa gona, saura hanyar da amfanin gona zai bi ya isa kasuwa. Hanyoyin da ke bin gefen magudanai na burji ne, matsattsu masu gargada, babbar mota ba ta iya shigarsu, jaki kuwa ya yi wa tumatir nawa, domin kaya ne da ba ya jira. Sai aka yi dace a cikin 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, akori-kura samfurin 404, daga baya kuma 504, ta bazu ko'ina cikin karkara. Daga bisani Toyota Hilux da 'yan'uwanta na ƙasar Japan suka shigo. Tun daga 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai dakon kayan gwari, aka koma riƙon tsofaffi da sayen na hannu. Saboda haka motar da ke ɗaukar tumatirin Kadawa a yau, sau da yawa ta girmi direbanta, ƙofarta ta baya kuwa an buɗe an rufe ta sau da ba ya ƙirguwa.

YADDA SAKATAR TAKE AIKI

Sakatar ƙofar baya iri biyu ce. Iri na farko shi ne na waje, wanda ake gani a tsofaffin motoci da kuma waɗanda masu walda suka yi wa bodi a nan gida. A kowane gefe akwai ƙugiya mai hannu da ake maƙalawa a danne, ko kuwa wata ƙusa mai kauri da ake zurawa cikin kafa, an ɗaure ta da 'yar sarƙa don kada ta ɓace. Wannan iri ba shi da ɓoyayyen ciwo, duk abin da ya same shi ido na gani.

Iri na biyu shi ne na ciki, wanda ya fi yawa a motocin baya-bayan nan. Mariƙi guda ne a tsakiyar ƙofa. Daga bayansa, a cikin cikin ƙofar, sandunan ƙarfe biyu sirara sun tafi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace an riƙe bakinta da ɗan maɗaurin roba. A ƙarshen kowace sanda akwai ita sakatar, mai baki kamar ƙugiya, wanda ke juyawa ya cafki wani gajeren turken ƙarfe da aka ɗaure a jikin bodi. In bakin ya cafki turke, sai wani ɗan harshe ya faɗa ya tokare shi, sifirin kuma ya danne harshen don kada ya ɗaga. Ƙarar nan "ƙyas" da ake ji in ƙofa ta rufu, faɗawar harshen ce. In an ja mariƙi, sandunan su ja harsunan biyu lokaci guda, bakunan su saki turakun, ƙofa ta buɗe.

Ban da waɗannan akwai hinji a ƙasa, inda ƙofar ke juyawa, da kuma sarƙa ko igiyar ƙarfe a kowane gefe, masu riƙe ta a shimfiɗe in an buɗe. Abin lura a nan shi ne dukkan sassan nan aiki ɗaya suke yi tare. In hinji ya ci, ƙofa ta sauka, bakin sakata ba zai haɗu da turke ba ko da sakatar sabuwa ce fil. Wannan ne ya sa mutum kan sayi sabuwar sakata a Ƙofar Ruwa, ya ɗaura, bayan mako guda ya koma wa igiyarsa yana zagin mai kanti.

ABUBUWAN DA KE KASHE TA

Na farko ƙura. Kakar tumatir takan zo daidai da hunturu, kuma duk ƙurar da tayoyi suka tayar a kan burji, bayan mota take komawa ta kwanta. Tana shiga cikin ƙofa ta kafar mariƙi da ta bakin sakata, ta gauraya da tsohon giris ta zama kamar ƙullin yashi, ta hana harshe faɗawa, tana kuma cin ƙarfen a hankali.

Na biyu tsatsa. Takin zamani yana jawo laima, kuma duk inda ya zube a kan ƙarfe sai ya ci shi. Ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwanduna yana da tsami, shi ma haka yake yi. A gindin ƙofar akwai waɗansu 'yan kafofi da aka bari domin ruwa ya fita. In laka ta toshe su, ruwan damina da na wankin mota sai ya kwanta a ciki, ƙofar ta ruɓe daga ciki alhali fentinta na ƙyalli.

Na uku kuwa, wanda ya fi sauran ɓarna, shi ne lodin da ya wuce kima. Irin waɗannan motoci wajen tan ɗaya aka yi su su ɗauka, watau buhun taki 20 mai kilo 50. Amma sai ka ga an ɗora mata ninkin haka, a kuma ɗora mutane a kai. Nauyin nan yana tura gefunan bodi waje, su buɗe kamar bakin ƙwarya, turakun da ke jikinsu su yi nisa da ƙofa, har bakin sakata ya kasa kai musu. Bugu da ƙari, duk lokacin da mota ta hau tudu, kamar inda hanyar gona ke hawa kan kwalta, ko ta fizga da ƙarfi, kayan baya suke zamewa su jingina da ƙofa. Nauyin da ya kamata ƙasan bodi ya ɗauka sai ya koma kan 'yan turaku biyu da ba su fi yatsa kauri ba.

Na huɗu halin mutane. Akwai mai sakin ƙofa ta faɗi da nauyinta har sarƙa ta fizge, akwai masu mayar da ita tsani, akwai mai jefa mata buhu daga kafaɗa, akwai kuma wanda in ta ƙi rufuwa ba abin da ya sani sai bugu, tun da hannu har da guduma.

A SAN CUTA KAFIN MAGANI

Dattijon bakaniken nan bai taɓa guduma ba. Abin da na ga ya yi, kowane direba zai iya yinsa da sukurudireba da filaya da sifana biyu ko uku, muddin ya bi abin daki-daki. Da farko a sauke kaya, ko a janye su daga jikin ƙofa, a tsayar da mota a wuri mai daidai, a sa mata birkin hannu. Sa'an nan a duba wace alama ce ƙofar ke nunawa daga cikin waɗannan huɗu.

Alama ta farko, ƙofa ta ƙi buɗewa. In mariƙi ya yi tauri, mai yiwuwa kaya ne suka danne ƙofar daga ciki. Sai mutum ɗaya ya tura ta ciki da ƙarfi, wani ya ja mariƙin. In kuwa mariƙin ya yi sakwaf, yana ɗagawa ba tare da jan kome ba, to sanda ta fita daga mazauninta, galibi domin maɗaurin roba ya tsufa ya karye. Haka nan in gefe ɗaya ya saki ɗaya ya riƙe, sandar gefen da ya riƙe ce ta fita ko ta lanƙwashe. Sai a shiga cikin bodi a kwance marfin da ke fuskar ƙofar ta ciki, a ja sandar da filaya, ƙofa za ta buɗe. Kada a yi ta fizgar mariƙi, domin ƙarshenta shi ma ya karye a sami asara biyu.

Alama ta biyu, ƙofa ta ƙi rufuwa, ana turawa tana dawowa. A duba bakin sakata tukuna, domin sau da yawa yakan rufe da kansa alhali ƙofa na buɗe, sai ya riƙa karo da turke maimakon ya cafke shi. Maganin wannan shi ne a ja mariƙi, a sa sukurudireba a juya bakin ya buɗe. Daga nan sai a gwada lafiyar sakatar: a tura jikin sukurudireba cikin bakin kamar shi ne turke. In ya rufe ya yi ƙara ya riƙe gam, ya kuma saki da aka ja mariƙi, to sakata lafiyarta lau, ciwon yana wurin turke ko hinji. In ya ƙi riƙewa, ko datti ne ya hana harshe motsi, ko sifirin ya karye.

Alama ta uku, ƙofa tana rufuwa amma tana kaɗawa a kan hanya, ko ta buɗe da kanta. Wannan ita ce mafi haɗari, domin direba yana gaba yana zaton kome daidai ne. A rufe ta, a kama kowace kusurwa a jijjiga da ƙarfi. Gefen da ya motsa bai kama ba, ko ya kama rabi. A duba turken wannan gefe, ko notinsa ya kwance, ko ƙarfen ya ci ya yi wuya kamar tsohon turken akuya.

Alama ta huɗu, ƙofa ta karkace, sai an ɗaga ta kafin ta shiga. A nan hinji ne ya ci, ko gefunan bodi sun buɗe. Domin a tabbatar, a shafa alli a jikin turke, a tura ƙofa a hankali, a buɗe a ga inda allin ya goge, a sama ne ko a ƙasa ko a can bakin turken. Sa'an nan a ɗauki igiya a auna faɗin bodi daga gefe zuwa gefe a ƙasa, a sake aunawa a sama. In na sama ya ɗara na ƙasa, lodi ya buɗe bodin.

GYARAN KANSA

In datti ne, a kwance sakatar a jiƙa ta cikin kananzir, a goge da burushi har harshe da baki su riƙa motsi da yatsa, a bar ta ta bushe. Sa'an nan a ɗiga mata mai kaɗan a wuraren da ke juyawa, a goge ragowar da tsumma. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, su cika ta da giris ko su kwarara mata baƙin mai, suna ganin yawan mai shi ne gata. A ƙasa mai ƙura irin tamu yawan mai kiran datti ne. Kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa sau ɗaya a shekara. Kafin a mayar da marfi, a sa waya a zure kafofin ruwan da ke gindin ƙofa.

In maɗaurin roba ne ya karye, a sayi wani, domin yana cikin mafi arahar kayan mota. In ana cikin daji ba inda za a samu, ana iya ɗaure sandar da siririyar waya har a iso gari. In sanda ta lanƙwashe a miƙe ta, a kuma tabbata tsawon biyun ya yi daidai, yadda gefunan za su saki tare. Sifirin da ya karye ba ya gyaruwa, sai sauyi. Haka nan bakin sakata ko harshen da ya ci ya yi sulɓi. Wanda ya je saye ya tafi da tsohuwar a hannu, domin ta dama daban take da ta hagu, kuma samfurin mota ɗaya kan bambanta daga shekara zuwa shekara.

In turke ne ya goce, a zana da'ira kewaye da mazauninsa da alli don a san inda aka faro, a sassauta noti, a matsa shi kaɗan zuwa inda gwajin alli ya nuna, a ɗaure, a gwada. Ana iya maimaita wannan sau uku ko huɗu kafin a dace, aiki ne na haƙuri. In gefunan bodi sun buɗe, wannan ya wuce aikin direba, sai a kai wa mai gyaran jikin mota ya jawo su su koma daidai, ya ƙarfafa kusurwoyin da ƙarfe. Sarƙa ko igiyar ƙarfen da ta fara tsinkewa a sauya ta tare da 'yar'uwarta, domin in ɗaya ta gaji ɗayar ma tana hanya, kuma ranar da za ta tsinke, ƙafar mai sauke kaya ce a ƙasa.

Walda tana da wurinta, musamman ga hinji da sakatar waje, amma da sharaɗi. A cire kan batir kafin a fara, a lura da inda tankin mai da bututunsa suke, a kuma kwance sakatar ciki a ajiye gefe, domin zafi yana narkar da roba, yana kuma kashe ƙarfin sifirin. Wanda motarsa kullum cikin gona take, babu laifi ya sa a ƙara masa sakatar waje mai ƙusa da sarƙa a kowane gefe, ta zama mataimakiya ga ta asali. Bayan an gama kowane irin gyara, a rufe a buɗe sau goma, a ji ƙarar gefen dama da ta hagu, a jijjiga, kana a yi lodi.

Game da igiya kuwa, ba wanda ya ce a jefar da ita. Amfaninta shi ne ta kai mota daga inda sakata ta lalace zuwa rumfar bakanike, a hankali, ba kowa a baya. Roba tana miƙewa, rana tana cinta, bakin ƙarfe yana yankanta kaɗan kaɗan, kuma ba ta ba da sanarwa ranar da za ta tsinke.

MOTOCIN HUKUMA

Kada ma'aikacin gwamnati ya karanta wannan ya ce magana ce ta direbobin tasha. Akori-kura ce ke kai malamin gona ƙauye da iri da maganin feshi, ita ke ɗaukar akwatunan allurar rigakafi, ita ke kai abinci da littattafai makarantun kwana. Kuma abin da ke samun ƙofar motar haya yana samun ta hukuma, har ma ya fi, domin mai motar haya aljihunsa ne ke jin zafi, ta hukuma kuwa kowa yana ganin ba ta uban kowa ba ce.

Mun san yadda abin ke tafiya. Direba ya kai ƙara cewa sakata ta lalace, a ce ya rubuto. Takarda ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan, kuma da yake kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, ba mai ɗokin sa mata hannu. Direba ya gaji ya nemi igiya. Bayan 'yan watanni hinji ya karye saboda kaɗawa, a cire ƙofar a jingine bayan sito. Motar da ba ta da ƙofa ba ta ɗaukar kayan kirki, sai a rage aikenta, a ajiye ta gindin bishiya, yau a ari batir gobe a ari taya, ƙarshenta a yi gwanjonta a rubuta neman sabuwa. Dukiyar jama'a ce ta tafi a kan abin da ɗigon mai da sa'a guda za su tsare.

Gyaran wannan ba ya bukatar kwamiti. Ya kamata kowane jami'in kula da motoci ya sa duba ƙofar baya cikin abubuwan da direba zai yi kowace safiyar Litinin, tare da duba mai da ruwa da iskar taya, a kuma rubuta a littafin mota. Ya kamata a ba shi ikon kashe ɗan abin da bai kai ya kawo ba a kan ƙananan gyare-gyare, ya kawo rasit daga baya. Jami'an duba lafiyar motoci, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a cikin 1988, in sun tsayar da akori-kura suna duba fitila da taya, su zaga baya su jijjiga ƙofa, musamman in akwai mutane a ciki. Shugabannin direbobi a tashoshin Kura da Bunkure da Panshekara su ma suna da ta cewa, domin su ne ke ba da layin lodi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ɗalibanmu kuma, musamman na makarantun koyon sana'a da na aikin gona, ga darasi a ƙofar gida. Duk abin da malami ke zanawa a allo game da sifirin da gogayyar ƙarfe da tsatsa, yana nan cikin ƙofar motar da ke kai kayan mahaifinku kasuwa. Ɗalibin da ya kwance sakata guda ya mayar da hannunsa lokacin hutu, ya fahimci abin fiye da wanda ya haddace shafi goma, ya kuma koyi bincike kafin yanke hukunci, abin da zai amfane shi ko da a ofis ya ƙare.

Shi dai ƙanena ya biya manoman nan kuɗin kwandunansu a cikin sawu uku. Yanzu akwai 'yar kwalbar mai da tsumma a ƙarƙashin kujerarsa, kuma ya hana yaron motarsa jingina da ƙofa, ko tana da lafiya ko ba ta da ita. Kakar tumatir na tafe, hanyar Zariya za ta sake cika. Muna roƙon masu motoci da direbobi, na haya da na hukuma, kowa ya zaga bayan motarsa tun yau ya duba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a noman bana, amin.